ƊAN HAYA MAI WUYAR ZAMA A CIKIN GIDANKA



A wannan mako za mu yi magana a kan wata matsala wadda ta dami magidanta da yawa, amma kunya takan hana su faɗarta a bainar jama'a. Matsalar kuwa ita ce ta mutumin da ya ba wani hayar ɗaki a cikin gidan da shi kansa yake zaune da iyalinsa, sa'an nan zama ya yi tsami. Ɗan haya ya ƙi biya, ko ya ƙi bin tsarin gida, maigida kuwa ya rasa yadda zai yi. In ya yi shiru ya cutu, in ya ɗauki mataki da hannunsa ya ɗauki alhaki. Za mu duba abin da malamanmu na Malikiyya suka faɗa, mu haɗa da abin da dokar ƙasa ta tanada, mu ɗauki Rigasa a matsayin misali, domin a can wannan al'amari ya fi fitowa fili.

YADDA ƊAKI YA YI DARAJA A RIGASA

Rigasa tana cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, amma ta riga ta haɗe da birnin Kaduna, har ba a gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Dattawa sun san lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa a wurin. Rikicin da aka yi a Kaduna a 2000, da wanda ya biyo baya a 2002, su suka sa jama'a suka rarrabu, Musulmi da yawa suka bar unguwannin kudancin kogi suka komo arewa, Rigasa kuwa ta karɓi kaso mai yawa daga cikinsu. A 2016 aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, tasharsa kuma tana Rigasa, sai 'yan kasuwa da ma'aikata suka ƙaru. Bayan haka kuma ga bayin Allah waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Birnin Gwari da Giwa da wasu sassan Igabi, suka shigo neman inda za su sa haƙarƙarinsu.

Saboda haka ɗaki ya zama kadara. Ɗan kasuwan da ya gina gida mai faɗi a Hayin Malam Bello ko Hayin Ɗanmani sai ya yanke ɗaki biyu kusa da zaure ya sa haya. Tsohon ma'aikacin da kuɗin fansho ba ya isarsa sai ya matsa da iyalinsa, ya ba wani ciki da falo. Gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, kuɗin ɗakin nan shi ne cefanenta. Wannan duk halal ne, neman abinci ne mai tsabta. Sai dai wanda ya ba da hayar gidan da ba ya ciki, bango kawai ya bayar. Wanda ya sa ɗan haya a gidan da yake kwana, ya haɗa ƙofa da shi, da rijiya, da makewayi, da kuɗin wuta, wani lokaci har da tsakar gidan da matansa suke girki. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

BAƘO NE, KO ƊAN HAYA, KO MAƘWABCI?

Tushen rikici da yawa shi ne rashin sanin matsayin mutumin da ke cikin ɗakin. Baƙo yana da haƙƙin liyafa, kuma hadisin da Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa ya iyakance ta da kwana 3, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma ya hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Don haka ɗan'uwan da ya zo daga ƙauye neman aiki, aka ba shi ɗaki don Allah, ya shekara biyu yana ci yana sha yana raina matan gida, ba shi da wata hujja a shari'a in aka ce ya nemi wani wuri. Abin da ya rage tsakaninku zumunci ne, sai a sallame shi da daɗin baki.

Kakanninmu fatake sun san wannan bambanci. A zangunan hanyar Gwanja, da unguwar Sabo ta Ibadan, fatoma yakan saukar da falke, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi bashi, shi kuma ya sami la'adarsa. Kowa ya san abin da ke kansa, shi ya sa mutum yakan sauka gida ɗaya shekara da shekaru, har ɗansa ya gaji masaukin.

Ɗan haya kuwa ba baƙo ba ne. Ya sayi amfanin ɗakin da kuɗinsa zuwa wani lokaci, ɗakin naka ne amma zama a cikinsa nasa ne. Tare da haka kuma maƙwabcinka ne, mafi kusa ma daga cikin maƙwabta. Aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta haɗa kyautata wa maƙwabci da kyautata wa iyaye da marayu a jeri guda, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci, har ya yi zaton za a sa shi cikin magada. Wannan haƙƙi yana kanka, yana kuma kan ɗan hayarka, ba ya faɗuwa don an yi ciniki.

IRIN ƘULLIN DA AKA YI

Malamanmu suna kiran hayar gida da suna kira'i, kuma sharaɗinsa shi ne a san ɗakin, a san kuɗin, a san lokacin. Sun kasa shi gida biyu, kuma wajibi ne kowane mai gidan haya ya san wanne ya ƙulla.

Na farko shi ne wanda ake ce wa wajiba, watau a ambaci ƙayyadadden lokaci, kamar a ce shekara ɗaya daga Muharram zuwa Zulhajji a kan kuɗi kaza. Wannan ya lizimci kowa. Maigida ba shi da ikon korar mutum a wata na biyar don ya sami wanda zai biya fiye da haka, ba shi da ikon ƙara kuɗi a tsakiyar shekara, shi ma ɗan haya ba zai tashi a tsakiya ya ce a mayar masa da saura dole ba. Aya ta farko ta Suratul Ma'ida ta umurci muminai da cika alkawuran da suka ƙulla. Har ma Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana cewa mutuwar mai zama a gida ba ta warware haya. Ke nan magidancin da ya rasu a ɗakin haya, matarsa da 'ya'yansa suna da haƙƙin cika sauran watannin.

Na biyu shi ne mushahara, watau a ce kowane wata kuɗi kaza, ba tare da an faɗi ƙarshe ba. A wannan, kowane ɗaya daga cikin biyun yana iya janyewa, sai fa in an riga an biya kuɗi gaba, to ya lizimta gwargwadon abin da aka biya.

Mafi yawan hayar ɗaki a unguwanninmu da baki ake yin ta, a zaure, gaban dillali, shi ke nan. Ranar da aka saɓa, wannan ya ce wata uku ake bi, wancan ya ce biyu. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Don haka muna ba da shawara a rubuta komai tun ranar farko: kuɗi, da ranar biya, da rabon kuɗin wuta da na ruwa, da lokacin rufe ƙofar gida, da wanda zai kwana a ɗakin, da iyakar inda namiji baligi zai taka a cikin gida. A sa hannu gaban shaidu biyu, a kuma riƙa ba da rasit duk lokacin da aka karɓi kuɗi. Kafin nan ma a bincika mutum, a san garinsu da sana'arsa da wanda zai tsaya masa, a kuma gabatar da shi ga mai unguwa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

WANDA BA YA BIYA

Marasa biya iri biyu ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ba shi da shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kayan masarufi suka tashi, kuma ko da aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a 2024, mai iyali ya san inda kuɗin yake ƙarewa. Irin wannan mutum, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a yi masa jinkiri har ya samu, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Alamarsa ita ce yakan zo da kansa ya ba da haƙuri, ya kawo ɗan abin da ya samu, ba ya ɓuya. Amma a lura, jinkirin a kan bashin da ya wuce ne. Shari'a ba ta tilasta wa gwauruwa mai marayu ta ci gaba da ba da ɗakinta kyauta bayan wa'adi ya cika ba. Tana iya karɓar ɗakinta, bashin kuma ya zauna a wuyansa har Allah ya hore masa.

A nan akwai wata mas'ala da 'yan kasuwa suke yawan tambaya. Mutum yana bin ɗan hayarsa matalauci kuɗin wata shida, sai ya ce ya yafe, ya lissafa shi cikin zakkarsa. A mazhabarmu wannan bai isar ba, domin bashin da ke kan wanda ba shi da komai kamar dukiya ce da ta riga ta salwanta, ba a fitar da zakka da ita. In za ka yafe, ka yafe don Allah, zakka kuma ka fitar da ita dabam.

Akwai kuma wanda yake da shi amma ya ƙi. Za ka gan shi da sabon babur da sabuwar waya, ana sauke masa buhun shinkafa, amma in wata ya ƙare sai ya riƙa fita kafin asuba ya komo bayan an yi barci. Hadisi ingantacce, wanda yake cikin Muwaɗɗa da Buhari, ya kira jinkirin mawadaci zalunci. Wannan ba ya cikin waɗanda aka ce a yi musu jinkiri, kuma kai shi gaban alƙali ba rashin tausayi ba ne.

WANDA YA ƁATA TARBIYYAR GIDA

Wannan ya fi rashin biya ciwo. Mutum ya shigo da shaye-shaye, ko tara abokai har tsakar dare, ko kawo matan da ba muharramansa ba, ko kutsawa cikin gida ba sallama alhali matan aure suna tsakar gida. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta umurci yaran gida da masu hidima su nemi izini a lokuta 3, kafin asuba, da lokacin hutun rana, da bayan isha'i. In haka ne ga ɗan da aka haifa a gidan, ina ga baligin da ba muharrami ba?

To, me ake yi? Shaihu Halil, mai Muhtasar, littafin da alƙalanmu suke hukunci da shi tare da Tuhfa ta Ibn Asim, ya kawo wannan mas'ala ƙarara. Bayyanar fasiƙancin ɗan haya ba ta warware ƙullin haya da kanta. Abin da ake yi shi ne hukuma ta hana shi, in ya ƙi hanuwa sai alƙali ya fitar da shi, ya ba wani hayar wurin a madadinsa har wa'adi ya cika. A duba hikimar da ke cikin wannan hukunci. An kawar da cuta daga gida, ba a cinye wa mai laifi kuɗinsa ba, kuma an ɗauke al'amarin daga hannun maigida mai fushi an sa shi a hannun alƙali. Da an bar wa kowa ya yanke da kansa, da duk wanda ya sami mai ƙarin kuɗi sai ya laƙa wa ɗan hayarsa fasiƙanci.

Sai dai wannan yana bukatar abin da ya bayyana, wanda maƙwabta za su iya shaida. Ba ya halatta ka leƙa ta taga, ko ka sa kunne a ƙofa, ko ka buɗe ɗaki da makullin ajiya in ba ya nan. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 27 ta Suratun Nur kuma ta hana shiga mazaunin wani ba da izini ba. Ɗakin da ka karɓi kuɗinsa ya zama mazaunin wani har wa'adi ya cika.

ƁARNA DA GYARA

Ɗan haya amintacce ne a kan ɗakin. Abin da ya lalace don tsufa ko ruwan sama ba ya biya, sai abin da ya ɓata da gangan ko da sakaci, kamar ya fasa bango ba izini, ko ya bar gawayi ya ci silin. Ba shi kuma da ikon mayar da ɗakin kwana wurin injin markaɗe ko ajiyar fetur, domin ƙa'idar da Imamu Malik ya ruwaito ta hana cuta da cutarwa. In kwano ya yi yoyo har zama ya gagara, fatawar da ta shahara a mazhabarmu ita ce ba a tilasta wa maigida gyara, amma ɗan haya yana da zaɓi, ya tashi a warware haya, ko ya zauna ya biya. Wannan hukuncin kotu ne. Mutumci kuwa shi ne ka gyara, don ba ya kyautu ruwa ya riƙa zuba a kan 'ya'yan maƙwabcinka kana jin kukansu ta bango.

ABIN DA BA YA HALATTA GA MAIGIDA

An san abin da fushi yake sa wasu yi: a cire ƙofar ɗaki, a yaye kwano da damina, a yanke wuta, a kulle rijiya, a watso kayan mutum waje, ko a ɗauko 'yan daba. Wannan duk zalunci ne, ko da ana binsa kuɗin shekara, kuma mafi yawan wanda yake shan wahalar matarsa ce da ƙananan yara waɗanda ba su ci bashin kowa ba. Dokar ƙasa ma ta hana, kuma maigidan da ya yi haka yakan koma shi ne ake tuhuma, ya biya diyyar da ta fi abin da yake bi. Ofishin 'yan sanda kuma ba wurin karɓar bashin haya ba ne, sai in an yi laifi irin na duka ko sata.

Abu Dawud ya ruwaito labarin wani sahabi da ya yi ta kai ƙarar maƙwabcinsa, ana ce masa ya yi haƙuri, daga baya aka ce ya fitar da kayansa kan hanya. Mutane suka riƙa tambayarsa dalili suna la'antar maƙwabcin, har ya zo ya ba da haƙuri. A lura da kyau, kayan kansa ya fitar, bai taɓa na maƙwabcin ba. Darasin shi ne haƙuri tukuna, sa'an nan a sa jama'a cikin magana.

MATAKAN DA ZA A BI

Da farko ka kira shi ku biyu, a zaure ko bayan an fito masallaci, ka faɗa masa abin da ya dame ka dalla-dalla, ba da habaici ba. Kada a bar maganar a bakin mata da yara, domin faɗan da ya fara a bakin rijiya yakan ƙare a asibiti. In bai ji ba, ka kira wanda ya kawo shi da wanda ya tsaya masa. In bai ji ba, sai liman da mai unguwa, a yi sulhu a rubuce, a yanka masa lokaci. Sau da yawa yafe kuɗin wata ɗaya ko biyu don mutum ya tashi lafiya ya fi arha a kan zirga-zirgar shari'a.

In sulhu ya ƙi, sai takardar sanarwa. Tsarin da dokokin karɓar gida suka saba bi a jihohin ƙasar nan, in ba a rubuta wani sharaɗi dabam ba, shi ne mako 1 ga mai biyan mako, wata 1 ga mai biyan wata, wata 3 ga mai biyan wata uku-uku, wata 6 ga mai biyan shekara. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ƙara masa sanarwar kwana 7 cewa za a je kotu. Kuskure kaɗan a lissafin kwanakin nan yana iya rushe ƙara, don haka a nemi lauya ya rubuta. Kotu ce take ba da umurnin fitarwa, ma'aikatanta ne kuma suke zartarwa.

Muna kuma jan hankalin masu gidaje su binciki kansu, domin wani lokaci maigidan ne mai wuyar zama. Wanda yake neman kuɗin shekara biyu a dunƙule daga hannun malamin firamare, ko yake ɗora wa 'yan haya kuɗin wutar gidan duka alhali firjinsa ya fi na kowa ci, ko yake aiken matar ɗan haya kamar baiwarsa, to ya san cewa za a tambaye shi. Ku kuma 'yan haya, da yawa daga cikin masu karatun wannan fili ma'aikata ne da aka yi wa canjin wurin aiki, suna zaune a ɗakin wani. Ku biya a kan lokaci, ku yi sallama, ku runtse ido, ku riƙe asirin gidan da ya rufa muku asiri. Mai gida a Rigasa yau, gobe fatauci ko aiki yana iya mayar da shi ɗan haya a Legas ko Fatakwal, kuma abin da ya shuka shi zai tarar.

Allah ya ba mu maƙwabta nagari, ya sa mu ma mu zama nagari ga maƙwabtanmu, ya rufa asirin wanda ba shi da muhalli, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.